Taragon Maryland a tashar Filadelfiya: amsa ga Yaya Alhaji

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da su Hajiya da yara. Na ga abin da ka rubuta a ƙarƙashin tsohon hoton nan da na sake turawa zauren danginmu, na bar shi ya kwana biyu don kada in amsa rai a ɓace. Ka ce yaya mutumin da ke zaune a Filadelfiya zai tsaya gaban jirgin da aka rubuta wa MARC, na jihar Maryland, ko a Amurka ma har jirgin ƙasa ake ara? Ka kuma tambayi wane ne dogon nan da ke gefena cikin babbar riga, wanda hula ba ta zauna masa ba. Sannan ka rufe da cewa kayan aro ba ya rufe katara. Na san ba jirgin kaɗai kake nufi ba, har da maganar ko har yanzu mu Hausawa ne.

Hoton na ranar Babbar Sallah ne, 12 ga Satumba 2016, a tashar 30th Street. A farkon Yulin shekarar, muna kwanakin ƙarshe na azumi, masu duba jiragen SEPTA, hukumar sufurin yankinmu, suka lura wani tarago ya ɗan karkata. Da aka leƙa ƙarƙashinsa sai ga tsaga a jikin ƙarfen da ke rarraba nauyin tarago a kan ƙafafunsa. Aka bi sauran 'yan'uwansa, aka tarar da irin tsagar a kusan dukkansu. Nan take aka janye taragu 120 samfurin Silverliner V, wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan na taragun da ke kwaso ma'aikata daga garuruwan kewaye da safe, su mayar da su da yamma. Kuma su ne sababbin da ake ji da su. Ba a jira hatsari ya auku ba, wannan kuwa har gobe ina yaba musu a kai.

To mutane ba za su daina zuwa aiki ba don ƙarfe ya tsage, ga babban taron jam'iyyar Democrat yana tafe garin a ƙarshen watan. Sai hukumar ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta: Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na ƙasa, da NJ Transit na New Jersey, da MARC ɗin da ka gani. Haya ce da yarjejeniya a rubuce, ana biyan kuɗi, in buƙata ta wuce kaya ya koma hannun mai shi. Ba a ko sake musu fenti ba. Nan ba wanda ya ɗauki abin a matsayin abin kunya, domin sabon tarago ba a shiga kasuwa a sayo shi, sai an ba da oda an jira shekaru.

Kuma ba kowane tarago ake ɗauko wa a ɗora ba. Sai faɗin dogo ya zo ɗaya, nan milimita 1,435 ne, daidai da na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe ranar 26 ga wannan Yulin dai. Tsohon dogonku na Kano zuwa Legas 1,067 ne, shi ya sa taragon wancan ba zai hau wannan ba ko da kyauta aka ba da shi. Sannan taragun da aka janye da injinsu a jikinsu suke, suna jan wuta daga wayar sama, na hayar kuwa sai an ja su, don haka har da kan jirgi mai lantarki aka haɗo, tunda dogon yana ratsa ƙarƙashin tsakiyar gari inda ba a son hayaƙin dizal. Ga tsayin dakalin tasha da ba ɗaya ba ne ko'ina, ga ma'aikata da sai an nuna musu yadda ƙofofin baƙin taragun suke.

Duk wannan ba a jarida na koya ba. Dogon mutumin nan na hoton ne ya koya mini, a kan tabarma, da cokali biyu da murfin kwano. Ya gindaya cokali ɗaya a kan ɗaya, ya ɗora murfin, ya danna da yatsa ya ce in duba inda nauyi yake taruwa. Makanikin taragu ne. Kuma mijin babbar 'yata ne.

Baƙar fatar Amurka ne, haifaffen arewacin Filadelfiya, kakansa ne ya fara karɓar Musulunci a gidansu. Na san abin da ake raɗawa a can, wai mun ba da 'ya ga wanda ba a san asalinsa ba. Yaya, garin nan cike yake da Musulmi 'yan ƙasa, masu gemu da ɗangalallen wando, matansu cikin hijabi, tun kafin ni in san hanyar filin jirgin sama. Wata shida ina bincike a kansa. Na je masallacinsu ba tare da ya sani ba, na tambayi limaminsu, na zauna da mahaifiyarsa. Da manyansa ya zo neman aure, ya biya sadaki, ƙanena ya yi walicci, aka raba goro da dabino. Lefe ne dai muka taƙaita shi zuwa akwati biyu, kuma ni na ce a yi hakan. In za a yi mini faɗa, a yi a kan lefen, kada a taɓa addinin yaron. Da na kwanta asibiti shekaru uku da suka wuce, daga aikin dare yake wucewa wurina da kokon da matarsa ta dama, bai taɓa fashi ba.

Maganar ko har yanzu mu Hausawa ne kuwa, ba yau aka fara yi mana ita ba. Kakanmu da ya bi fataken goro ya zauna a zangon Kumasi, shi ma an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina yaro aka kawo ni Kano karatu, yaran unguwa suka yi ta dariya don nakan ce wa mace “ya zo”, irin Gananci. Sai da Inna, Allah ya jiƙanta, ta riƙa zaunar da ni bakin murhu tana gyara mini harshe. A Kumasi ana ce mana 'yan zango, a Kano ana ce mana 'yan Gana, a nan kuma 'yan Afirka. Alhali waken da duk Gana ke ci da shinkafa da sunan da muka raɗa masa ake kiransa, haka koko, haka tuwon zafi.

Da aro da haya muka kafu a nan, ba na ɓoyewa. Masallacinmu na farko shagon haya ne. Zauren suna da na biki haya ne. Manyan tukwanen da ake dafa abincin taro na wata baiwar Allah ce 'yar Damagaram, gida gida suke yawo, an rubuta sunanta da jan fenti a gindi. Abin da muka ce ba za mu yi haya ba shi ne makwanci: kowane wata magidanta suna zuba kuɗi a asusun jana'iza, mun sayi kaburbura a sashen Musulmi, in an yi rasuwa ba a kai kwana biyu ba a rufe mutum.

Inda maganarka ta same ni shi ne wajen yara. Ina yi wa jikokina Hausa, suna ji sarai, su mayar mini da Turanci. Babban ya iya “ina kwana” da durƙusawa, amma in zance ya yi tsawo sai ya waiga wajen uwarsa. Wannan yana hana ni barci, kuma ban ɗora wa ubansu ba, don shi ne ma yake matsa musu su amsa da Hausa. Mu ne muka yi sakaci lokacin da muke aiki biyu biyu.

Hular kuwa tawa ce na ara masa, ta yi masa kaɗan. Lambarsa 24. In ka shiga Kurmi ka samo masa zanna mai duhu, akwai mai tahowa bayan Sallah, zan turo maka lambar wayarsa.