Amsa: Birki na nutsewa a tsakiyar tseren rali

Malam, ka ce birki na nutsewa bayan ka sha gangara da kwana, in motar ta huce ya dawo daidai. Man birkin ne ke tafasa. Sabon man birki nau'in DOT 4 yana jure zafin digiri 230 na Celsius kafin ya tafasa, amma in ya sha danshi sai ya tafasa tun a wajen digiri 155, tururi ya cika bututu, shi ya sa birkin ke nutsewa. Juye tsohon man kaf, ka zuba sabo daga robar da ba a buɗe ba, lita ɗaya ta isa. Fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Kada ka haɗa shi da man birki nau'in DOT 5, don na silikon ne. In kuwa birkin da tauri amma motar ba ta tsayawa, fad ne ya ƙone, wato abin da ke matse faifan taya in an taka birki.