An yi wa mijina dashen ƙoda, yanzu dangi sun hana a ɗebi ruwan bayansa

Tambaya: Likita, wata 14 ke nan da yi wa maigidana dashen ƙoda. Mako 3 yanzu yana ta mantuwa, harshensa ya yi nauyi, hannun damansa ba ƙarfi, amma ba zazzaɓi. Likitoci na so su ɗebi ruwan bayansa, yayyensa sun ƙi, wai yana gurgunta mutum. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada rashin zazzaɓi ya ruɗe ki. Magungunan da ke hana jikinsa ƙin ƙodar, irin su tacrolimus da prednisolone, suna danne garkuwa, har cuta ta shiga ƙwaƙwalwa jiki bai yi zafi ba. A lokacin ne ƙwayoyin bairos da suka daɗe kwance a jiki ke farkawa: na ƙaranbau, CMV, da kuma JC, mai cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Shanyewar ɓarin jiki ko yawan tacrolimus a jini ma na iya kawo waɗannan alamu. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI da gwajin wannan ruwa, wanda ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar baya, su ne za su raba gardama.

Batun gurguntawa kuwa, wallahi na gaji da jin sa. Lakar baya tana ƙarewa ne can sama da ƙugu, allurar kuma a ƙasa da wurin ake shigar da ita. Abin da ake ɗiba bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, alhali jiki na samar da kusan rabin lita kullum. Abin da aka fi gani bayan ɗibar ciwon kai ne na 'yan kwanaki. To daga ina jita-jitar ta samo asali? Dangi ne ke ƙi, a kwashi mara lafiya a zaga kemis, a yi ta hayaƙi ana cewa iska ce, sai ya galabaita a dawo a sa hannu. Cutar ta tafi da shi, a ɗora wa allura. Na sha ganin haka, kuma kowane karo sai ya ƙona min rai.

Idan bairos ɗin ƙaranbau ne, akwai maganin acyclovir ta jijiyar jini. CMV kuma ganciclovir, amma jinkirin kwanaki na barin illar da ba ta gyaruwa. JC ba ta da magani nata, sai likitan dashen ya rage magungunan danne garkuwa da lissafi. Kada kowa ya dakatar da su a gida, ƙodar za a rasa.

Ki roƙi babban yayansa ya zauna da likitan yau ɗin nan, a nuna masa inda allurar ke shiga.