Me ya sa "s" ke ɓacewa bayan "does"?

Ƙanena na Gusau, ka ce malami ya soke maka jimlar Turancin nan "Does Musa sells millet?" da jan biro, kuma ba ka ga laifinta ba. Laifin yana wutsiyar "sells". Da zarar "does" ta shigo, ita ke ɗauke "s" ɗin, aikatau ya koma tsurarsa: "Does Musa sell millet?" Korewa ma haka take: "Musa does not sell millet." In aikin ya wuce, "did" ke ɗaukar lokacin, sai "sold" ta koma "sell". Nan da yawa ke tuntuɓe.

Amma in jimlar tana da "is", "are", "can" ko "will", kada ka jawo "do", "does" ko "did". Sa "not" a bayansu don korewa, ko ka kawo su gaba don tambaya: "Is Aisha cooking?"