Karen maƙwabci ya kashe mini kaji: wa zai biya, kuma ya halatta in kulle su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Tudun Jukun, nan Zariya. Ina kiwon kajin gida, da su nake ɗan yin hidimar yara. Sakinsu nake yi da safe, su dawo da kansu da magariba. Maƙwabcinmu yana da kare, da rana a ɗaure, da dare a sake. Watan jiya ya tsinke ya kashe mini kaza biyu a lungu. Maigidana ya je da mutum biyu suka yi masa magana, ya ce zai kula. Shekaranjiya da asuba karen ya shigo ta rariya ya kashe biyar, har da mai kwanci. Mai karen ya ce dabba ba ta da hankali, ni ya kamata in kulle kajina. Shin zai biya? Ƙanin maigidana ya ce a sa wa karen guba. Ni kuma ina tsoron kulle kaji kada in ɗauki alhakinsu. Ɗaya mun same ta da sauran rai muka yanka, ta ciwu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar miki da alheri, Malama.

Maganar maƙwabcinku tana da asali, sai dai ya ɗauko ta ya ajiye inda ba wurinta ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ɓarnar dabba faɗuwa take yi, ba a biya. Amma malamai sun fahimci wannan a kan dabbar da mai ita bai yi sakaci ba. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna. Manzon Allah (SAW) ya yanke cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a Suratul Anbiya, aya ta 78, ita ma a kan tumakin da suka faɗa gona da dare ce.

Kare mai cizo kuma yana da nasa hukuncin a mazhabarmu. Idan mutum ya ajiye shi inda aka yarda a ajiye, ba ya biyan abin da ya ɓata har sai an gargaɗe shi. Da zarar an gargaɗe shi a gaban shaidu ko hukuma ya ƙi ɗaukar mataki, abin da karen ya halaka bayan nan yana wuyansa. Saboda haka kajinki kashi biyu ne. Biyun farko, idan bai san karensa da wannan hali ba, kuma igiya ce ta tsinke, ban ga an tilasta masa biya ba. In ya bayar don kyautata maƙwabtaka, ya yi abin kirki. Biyar ɗin nan kuwa, bayan maigidanki ya je da shaidu, karen a sake da dare, ɓarnar kuma a tsakar gidanku, biya wajibi ne. Ƙimarsu zai biya, wato abin da irinsu za su yi a kasuwa ranar da aka kashe su. A samu mai sayar da kaji, a Tudun Wada ko Sabon Gari, wanda ku duka kuka yarda da shi ya kimanta. Mai kwanci a kimanta ta a yadda take, da ƙwan da ya lalace, ban da lissafin 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba.

Kada a ce ai ajiye karen ma haramun ne. Hadisi ya ware karen farauta, na kiwo da na noma, malamai da dama kuma sun haɗa da na gadin gida in akwai tsoron ɓarayi. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaidin, mai Risalar da muke biyawa a zaure, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Izinin ajiyewa ba ya ɗauke nauyin ɗaurewa.

Guba kuwa, a'a. Risala ta faɗa ƙarara cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiye shi zai biya ƙimarsa, ka ga mai bin bashi ya koma wanda ake bi. Kuma naman da aka barbaɗa wa guba aka jefa a lungu bai san kare ba, bai san akuya ko yaro mai rarrafe ba. In ya ƙi biya, maigidanki ya kai wa mai unguwa. In abin ya gagara, kotu tana nan.

Yanzu naki ɓangaren, wanda na san ba shi kika fi son ji ba. Sakin kaji a lungu ba haƙƙi ba ne da za ki tsaya a kai. Tun da can malaman mazhabar Malik sun yi saɓani a kan kaji, tattabaru da ƙudan zuma. Asbagu ya ce kamar sauran dabbobi ne, mai shuka ya tsare shukarsa. Muɗarrif ya ce a hana mai su in suna cutar da mutane, don ba a iya tsare su yadda ake tsare saniya. A cikin gari irin namu, inda katanga ke jingine da katanga, wannan ta shanya barkono a ƙofar gida, wancan ya dasa alayyafo a bayan ɗaki, maganar Muɗarrif ce na ga ta fi kusa da hadisin "ba cuta, ba cutarwa". Da kazarki ce ta tsallaka gidansa ta tarar da karen a ɗaure, ko kwabo ba ki da shi. Kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta.

Kulle su ba zalunci ba ne. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, hadisin ya faɗi laifinta: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ranar da kika rufe ƙofar akurki, cinsu da shansu sun dawo kanki gaba ɗaya: dusa, tsaki, ɗan ganye, ruwa mai tsabta a kasko, da inuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ki bar musu ƙasa da toka a gefe su yi birgima. Akwai ma riba ta fuskar tsarki, domin a wurinmu kashin kazar da ke cin najasa najasa ne, na wadda ke cin tsabtataccen abinci kuwa mai tsarki ne. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare kaza mai cin ƙazanta kwana uku kafin ya ci.

Ba sai kin kashe kuɗi mai yawa ba. A fara da rariyar nan, a kai wa mai walda ya gitta mata ƙarfe. A kewaye musu wani lungu na tsakar gida da ragar waya, a binne gindinta kamar taƙi biyu, don kare tono yake yi ta ƙasa. A rufe sama saboda shirwa da muzuru. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a gidanmu na cikin birni kwando take kifa wa 'yan tsaki ta ɗora dutse, sai la'asar ta buɗe bayan an rufe ƙyauren zaure. Wadda ke tashi sama, a rage mata gashin fiffike ɗaya da almakashi, ba tare da an kai ga tsoka ba. Wannan ba azabtarwa ba ce.

Wadda kuka yanka: Suratul Ma'ida, aya ta 3, ta haramta abin da naman daji ya ci, sai wanda kuka riska kuka yanka. A mazhabar Malik yankan yana amfani ne idan cizon bai kai makasa ba, wato bai yanke lakar wuya ko ta baya ba, bai tsinke jijiyar wuya ba, bai huda hanji ko fitar da kayan ciki ko ƙwaƙwalwa ba. In rauni ne a cinya ko fiffike, ta yi motsi mai ƙarfi wajen yanka, ta halatta. In kun tarar da hanji a waje, a binne ta tare da sauran, a rami mai zurfi yadda karen ba zai tono ba.

Wallahu a'alam.