Kamun kifi da ƙudan roba lokacin hunturu

Malam, ka ce ka ga Turawa na kama trout da ƙudan roba, wato ƙwaron bogi da ake ɗaura wa ƙugiya, a sanyi, kana tambaya ko zai yiwu a kogin Haɗeja. Trout dai kifin ruwan sanyi ne ƙarara, ba mu da shi. Amma kawara na cafke ƙwaro a saman ruwa, ita za ka nema.

Da hunturu kifi kan lafe a gurbi, kada ka yi sammako, bari hantsi ya dubi ludayi. Da bazara kuwa sai asuba ko yamma lis. Ni fara nake soka wa ƙugiya, ta fi robar. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwan.

Gaida sarkin ruwa ya nuna maka gurabe. In ka ga jini a fitsari bayan shiga ruwan kogi, tsargiya ce wataƙila, je asibiti.