Akwatin gizo-gizona yana gumi, fumfuna kuma ta fito

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon babban gizo-gizon nan mai gashi da ake kira tarantula, nau'in Avicularia avicularia, a cikin akwatin roba. Wanda ya sayar mini da shi a Legas ya ce in riƙa fesa ruwa kullum domin laima ta kai kashi 80 cikin ɗari, ni kuma na toshe hudojin murfin da leda don ta daɗe a ciki. Tun da marka ta kama, bangon akwatin yana ta gumi, farar fumfuna ta fito a kan ƙasar, gizon kuma ya daina kama gyare. Ina gyaran yake? Daga wani ɗalibi a Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko shi ne ka cire ledar nan yau, ka kuma ajiye kwalbar fesawa, domin matsalarka tsayuwar iska ce.

Asalin wannan nau'i dazuzzukan arewacin Kudancin Amurka ne, kuma a saman bishiyoyi yake saƙa gidansa, inda laima take da yawa amma iska ba ta daina kaɗawa. Masu sayarwa sukan riƙe maganar laimar su manta da iskar, alhali tarantula yana numfashi ne da wasu huhuna huɗu masu kama da shafukan littafi a ƙarƙashin cikinsa, waɗanda ba sa zuƙar iska kamar namu, sai dai su yi aiki da wadda ta iske su. Ka tuna yadda ɗakin da ba taga yake a watan Agusta, lokacin da fadamar Argungu ta cika, ka shanya riga kwana biyu ta ƙi bushewa. Irin wannan ɗaki ka gina masa.

Hudojin murfi kaɗai ba su isa ba. Ka ɗora ƙusa a wuta ka yi layi biyu na hudoji a wani gefe, kamar yatsu biyu sama da ƙasar, ka yi wasu a gefen da ke fuskantarsa can kusa da murfi, ta yadda iska za ta shiga ta ƙasa ta ratsa ta fita ta sama. Kada hudar ta kai faɗin ƙirjin gizon, in ba haka ba zai sulale, kuma ka fitar da shi kafin ka fara saboda hayaƙin roba. Ban ba da shawarar rufewa da ragar ƙarfe irin ta taga ba, domin faratansa sukan maƙale har ya rasa ƙafa.

Ƙasar da ta yi fumfuna a zubar da ita, a zuba sabuwa wadda ba taki ba magani, ko garin ɓawon kwakwa idan ya samu. Laima kuwa ɗan kasko na ruwa mai tsabta ya wadatar a damina, ba tare da soso ko auduga a ciki ba, sannan a riƙa kwashe ragowar gyaren da ya ci. Ni kam na fi yarda da yatsan mai kiwo a kan ƙaramin ma'aunin laima mai allura, wanda yakan yi ƙarya.

Idan hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, laimar iska a ƙasar Kabi takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, a nan ne za ka riƙa tsiyaya ruwa a lungu ɗaya sau ɗaya a mako, ƙasan ya jiƙe saman ya zauna a bushe, ba tare da ka sake toshe hudojin ba. A bazara ka nema masa wuri mafi sanyi, kamar kusa da randa, nesa da hasken rana.

Game da ƙin cin abinci, wataƙila saɓa yake shirin yi, kuma in ka tarar da shi kwance rigingine kada ka taɓa shi. Abin tsoro shi ne ka ga ya naɗe ƙafafunsa ƙarƙashin jikinsa, wanda sau da yawa alamar ƙishirwa ce, sai ka matso masa da ruwa daf da bakinsa.

Tun da yanzu iskar ɗakinka za ta riƙa ratsa akwatin, duk daren da za ka fesa maganin sauro ko ka kunna na hayaƙi, ka fara kai shi wani ɗaki, kada ka dawo da shi sai warin ya fice sarai.