Wace Mota Ta Dace da Mai Sana'ar Gyaran Lambu?

Ka tambaya ko a-kori-kura za ka saya ko motar kaya mai rufi, tunda kai kaɗai kake gudanar da sana'ar gyaran lambunan mutane. Ka fara duba abin da ka fi ɗauka kullum. Idan rassa ne da ganyaye da taki da ƙasa, a-kori-kura ta fi, domin ana yi mata lodi ta kowane gefe, a kuma wanke bayanta da tiyo. Sai dai ka kula da nauyi: irin su Toyota Hilux kusan tan 1 suke ɗauka, alhali jiƙaƙƙiyar ƙasa mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi takan kai tan 1.5, kuma lodin da ya wuce ƙima yana cin birki da tayoyi.

Mai rufi kuwa tana tsare injin yanke ciyawa daga ruwan sama da ɓarayi, kuma bayanta ya fi kusa da ƙasa, don haka shigar da injin ba ya gajiyar da ƙugu. Da ni ne, mai rufi zan ɗauka in haɗa mata ƙaramar tirela, bayan na tabbatar lasisina da inshorata sun ba ni damar jan ta.